Kejin Nafkin

Zuwa ga mai gidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Auta da duk wanda ke gidan. Yaya gwiwar taka? Kana dai shan maganin hawan jinin, ko sai Auta ta tsaya a kanka kamar mai gadi? Na zaɓi in rubuto ne saboda wayar da muka yi shekaranjiya ta ishe ni darasi. Ina ce maka jariri yana lafiya, kana ce mini wane jari. Duk maƙwabtan nan sun ji sirrin gidanmu saboda ihun da nake yi, kai kuwa ba ka ji komai ba. Takarda ba ta bukatar kunne sai tabarau, shi kuma yana kan tagar ɗakinka in ba ka sake zama a kansa ba.

Na iso lafiya. 'Yarka tana samun sauƙi, sai dai ɗinkin tiyatar haihuwar bai bar ta ta sunkuya ba tukuna, kuma an hana ta ɗaukar duk abin da ya fi jaririn nauyi. Shi kuwa angon nawa sai ka zo ka gani. Ka yi haƙuri, na yi sabon miji. Ya fi ka gashi, ya fi ka murya, a haƙori ne kawai kuka kusa yin kunnen doki. Hancin nan naku na gado ya ɗauko shi tsaf. Idonsa da ɗan rawaya-rawaya, irin shawarar nan ta jarirai, amma an ce yawanci takan wuce da kanta in yana samun nono sosai.

Gidan nasu can saman bene yake, ɗaki biyu da falo da ɗan baranda wanda tabarma ɗaya za ta rufe shi. Kafin in hau sai na tsaya na huta a matakala. Babbar matsalarsu ruwa: yau famfo ya kawo, gobe ya yi ta tari kamar tsoho ba ko ɗigo, wani lokaci har jibi. Ga shi nafkin ɗin kanti, wanda ake yarwa, bai karɓi yaron ba, ya saɓule masa fata tun satin farko. Dole suka koma na yadi, irin ƙunzugun da na raini 'ya'yanka da shi. To ka san mai ɓata nafkin ba ya jiran famfo. Dole a sami inda za a tara su har ranar da ruwa ya zo.

Da na zo na ce su bar mini wannan, ai ni ce gwana. Na cika babban bokiti da ruwan sabulu, duk wanda ya ɓaci in tsoma in rufe da murfi, yadda muke yi a da. Na manta a da tsakar gida gare mu da rijiya, kuma kullum safiya nake wankewa. Nan kuwa bokitin ya kwana biyu a banɗaki cikin zafin nan. Ranar da na ɗaga murfin, Malam, sai da na dafe bango. Zarnin ya bi falo ya shige labule, 'yarka ta fito tana toshe hanci da hannu ɗaya, ɗayan tana riƙe ɗinkinta don dariya. Wasu nafkin ɗin ma sun yi ɗigo-ɗigon baƙin fumfuna da ya ƙi fita.

Ka san surukinka da kunya, in na shigo falo sai ya miƙe ya rasa inda zai sa idonsa. Muna ɗaki ɗaya amma sai ya ce wa matarsa, "Ki tambayi Mama ko za ta yarda in gwada wata dabara." Ni kuma in ce mata, "Ki ce masa ya gwada." Ita tana tsakiya kamar tafinta.

Washegari da yamma na ji ana nishi a matakala. Ashe shi ne, ya saɓo wani abu a kafaɗa daga shagon waldarsa. Na ɗauka kejin kaji ne, har na fara tunanin ina za a yi kiwo a saman bene. Tsayinsa ya kai ƙuguna. Ciki ya jera siraran sandunan ƙarfe hawa-hawa, ya shafe su da farin fenti don kada tsatsa ta kama yadi. Ya kewaye shi da raga irin ta taga saboda ƙuda, ya yi masa murfi a sama, a ƙasa kuma faranti mai zurfi da ake zarowa a zubar da abin da ya ɗiga. Ya ajiye shi a baranda inda iska ke kaɗawa.

Ga yadda ake yi, kamar yadda tafintarmu ta fassara mini. In yaro ya ɓata, a kawar da abin da ke ciki a masai, a ɗan watsa ruwa da buta, a matse, sai a rataye a kan sanda a buɗe, ba a dunƙule ba. Masu kashi a hawan sama, masu fitsari a ƙasa. Daga hagu ake farawa, sabo ya bi bayan tsoho, don ranar wanki a fara da wanda ya fi daɗewa. Ba jiƙawa, ba rufewa ruf. Ya ce ƙarfe ma in ka kulle shi da danshi lalacewa yake, balle yadi. A raina na ce wari zai kore mu daga gidan. Wallahi ko a bakin ƙofar barandar ka tsaya ba ka jin komai, sai in ka kai hanci kusa.

Amma mai kejin ya fi kejin ɗaure mini kai. Ranar da ruwa ya zo na gyara ɗaurin zani zan shiga wanki, sai na tarar da shi a banɗaki zaune a kan 'yar kujera, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa. Mutumin nan da ƙofa ke yi wa kaɗan, hannuwa kamar shebur duk tabon tartsatsi, yana cuɗa ɗan yadi a hankali kamar mai wanke ƙwai. Kowane ɗaya sai ya ɗaga shi ga haske ya duba kafin ya ɗauraye. Na daɗe a tsaye a bayansa. Na aika masa ta bakin matarsa cewa wannan aikina ne, ya aiko mini cewa bayana ya gama nasa a kan 'ya'ya biyar, yanzu layi ya zo kansa.

Matan benen da ke fuskantarmu har leƙowa suke yi in yana shanya, shi ko a jikinsa. Ni dai in tambaye ka, tsakaninka da Allah, cikin biyar ɗin nan ka taɓa sanin inda ƙunzugu yake kwana? Ba faɗa nake ba, zamaninmu ne haka. Na dai ga abin da ban taɓa zaton zan gani da idona ba, na ce sai na ba ka labari.

Ka gaishe mini da Auta, ka ce ta riƙa rufe kajin da wuri. 'Yarka da mijinta suna gaishe ka da kyau, angona kuma ya ce ka ci gaba da riƙe masa gida kafin ya zo. Ka huta lafiya.

Matarka,
Malama

* * *

Zuwa ga mai gidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Amsarka ta iso ta hannun direba. Na karanta wa 'yarka wurin da ka ce kai ma ka taɓa ɗaukar ƙunzugu, da sanda. Ta yi dariya sosai, kuma ita ce dariyar ƙarshe da na ji daga bakinta zuwa yau. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Kowa yana da rai, kada hankalinka ya tashi, amma daga asibiti nake rubuto maka.

Tun kwanakin baya na fara yabon angona cewa ya zama mai tausayi, ya daina ɓata mana yadi. Da can tabon kashinsa kamar gwaiduwar ƙwai yake, sai an cuɗa an shanya a rana kafin ya fita. Sai ya zamana ɗauraya kaɗan ta isa. Har murna na yi, na ce yaro ya san ruwa na wuya a gidan ubansa.

Sai ruwan ya ɗauke gaba ɗaya kusan mako. Ɗan wanda surukinka ke haurowa da shi a jarka na sha ne da girki. Ya ƙaro yadi, kejin ya cika tun daga hagu har dama. Ranar hutunsa da hantsi ina zaune a baranda da yaron a cinyata yana shan iska, uban ya fito ya ɗaga murfin kejin. Ya tsaya ya yi ta kallo, bai ɗauki komai ba, bai kuma rufe ba. Can sai na ji ya ce, "Mama, don Allah ki zo ki duba nan." Ni ya yi wa magana, ba tafinta.

Na miƙe na duba. A hawan sama, na farko daga hagu tabonsa rawaya ne, ko da yake bai kai na da ba. Na biye da shi ya fi shi haske. Haka suka yi ta kodewa, daga rawaya zuwa ruwan madara, har na ƙarshe a dama, wanda na rataye da hannuna da safen ranar, fari fat kamar allin da na yi shekaru ina rubutu da shi a allo. Ya nuna mini hawan ƙasa, masu fitsari. Su kuma akasin haka suka yi, suna ta ƙara duhu, na ƙarshe kamar an tsoma shi a ruwan shayi. Na juya yaron ga haske na ja fatar idonsa. Rawayar nan da muka ce za ta wuce ba ta wuce ba, ƙaruwa ta yi, ga shi ya haura wata ɗaya.

Malam, da kullum muke wanke su, ko da suna cikin bokitina ruwa ya gauraya su, da ba wanda zai lura. Bambancin kowane ɗaya da na gabansa bai kai a faɗa ba. Ni na cire su daga jikin yaron da hannuna, ni na rataye su, ban ga komai ba sai da suka tsaya a jere.

'Yarka ta ce ko mu bari sai ranar awon jarirai. Mijinta ya ce yau. Ya zaɓo nafkin daga farkon layi, da tsakiya, da ƙarshe, ya sa kowanne a ledarsa, ya jera su a jaka yadda suke a keji. A zauren jira na asibiti wata mata ta ja kujerarta gefe, ta ce da ƙarfi wasu ba su san inda ake zuwa da wanki ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Shi kuwa ya rungume jakarsa a ƙirji bai ko kalle ta ba. Nas ɗin da ke karɓar mutane ta yatsine fuska da ya buɗe ledar farko. Da ta ga ta ƙarshe sai ta miƙe, ta ce mu biyo ta, ta wuce da mu gaban kowa.

Likitar 'yar ƙarama ce, ina jin 'yarka ta girme ta. Ta sa safar hannu ta baje su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauko wani kati mai launuka ta riƙa karawa kusa da kowanne. Ta tambayi wanda ya yi tunanin kawo su, 'yarka ta nuna mijinta. Aka ɗebi jinin yaron, aka ɗauki hoton cikinsa, aka ba mu gado. Sai da aka yi ta gwaje-gwaje kafin ta zaunar da mu ta yi mana bayani.

Ta ce akwai wata 'yar hanya siririya kamar zare da ke ɗaukar ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Ruwan nan shi ke rina kashi ya ba shi launi. A jikin angona hanyar a toshe take, ruwan ya rasa mafita, ya koma cikin jini, shi ne muke gani a idonsa da fitsarinsa. In aka bar shi haka zai cinye hantar. Maganinsa tiyata, kuma ta fi yin nasara in an yi ta kafin yaro ya wuce wata biyu. Ta ce, "Kun zo a kan lokaci, amma ba ku bar rata mai yawa ba." Ta ce da yawa ba a kawo su sai ciki ya kumbura, don yaron yana shan nono yana wasa, ba mai zargin komai.

Tun da ta faɗi haka na kasa daina tunani. Na haifi biyar, na koyar da 'ya'yan mutane har na yi furfura, ban taɓa tambayar kaina wa ke rina abin nan da muke toshe wa hanci ba. Ashe a cikin kowane yaro akwai zaren da ido ba ya gani, yana aikinsa ba dare ba rana, ba mu taɓa gode masa ba. Kuma dubi abin da Allah ya haɗa kafin mu gani: fatar da ta ƙi nafkin ɗin kanti, famfon da muke tsine wa, da bokitina da ya yi wari. Duk abin da na yi wa ƙorafi a gidan nan yana da hannu a ciki.

Jibi za a shiga da shi. Kada ka ce za ka taho, gwiwarka ba za ta iya motar ba, balle benen. Ka zauna ka yi mana abin da ka fi mu iyawa, ka yi ta addu'a. Ka gaya wa Auta a hankali. Sai ka sake ji daga gare ni.

Matarka,
Malama

* * *

Zuwa ga mai gidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kuma kana cin abinci, don Auta ta ce tun da takardata ta iso kake mayar da kwano yadda aka kawo shi. Kada ka haɗa mini jinya biyu.

An yi aikin, kuma ya fito da rai, alhamdu lillahi. Tun safe aka shiga da shi, har rana ta karkata muna zaune a kan benci a bakin ƙofa. 'Yarka ta kwantar da kanta a kafaɗata kamar lokacin da take ƙarama. Mijinta bai zauna ba ko kaɗan. Likitan da ya yi aikin dattijo ne mai siraran yatsu. Da ya fito ya ce ya cire toshasshiyar hanyar, ya jawo wani ɓangare na hanjin yaron ya ɗinke shi a bakin hantar, don ruwan ya riƙa zuba kai tsaye. Duk wannan a cikin cikin da bai fi tafin hannuna ba.

Surukinka ya tambaye shi da me ya haɗa su. Ya ce da zaren da ya fi gashin kai siranta. Mutumin naka ya buɗe hannuwansa ya yi ta kallonsu, sannan ya ce shi da wuta da ƙarfe yake haɗi, kuma duk da haka wani lokaci ya ɓalle. Dattijon ya dafa shi ya ce nasa ma yakan ƙi kamawa. Ya ce shi ɗinki kawai ya yi, ko ruwan zai bi sabuwar hanyar ba a hannunsa yake ba. Wasu yaran takan yi, wasu ba ta yi. Da muka tambayi yadda za a gane, sai ya ce nafkin ne zai faɗa mana. In launi ya dawo, hanya ta buɗe.

Da ka ga angona yanzu da ka tausaya masa. Roba a hanci, roba a hannu, wata a gefen ciki. Kwanakin farko ba a ba shi nono ba sai ƙarin ruwa, uwar tana tatsa tana kuka. Ba ci, ba abin da zai fito. Jiya na je gida in yi wanka in ɗauko kaya. Ruwa ya dawo, surukinka ya wanke komai ya ninke. Na fita baranda na ga kejin wayam, sanduna fari tas, gidan yana ƙamshin sabulu. Ban taɓa jin tsafta ta ba ni tsoro ba sai jiya. Na zauna a ƙasa na yi kukan da na hana kaina a gaban 'yarka.

Yanzu an fara ba shi nono kaɗan-kaɗan. Yau da hantsi ya yi na farko tun bayan aikin. Mu uku muka sunkuya a kansa kamar masu neman allura. Ruwan toka ne, ba fari fat ba, amma ba abin da za a kira launi. Likita ta ce kada mu yi murna, kada kuma mu yanke ƙauna, a jira. An yarda mu ci gaba da na yadi saboda fatarsa. Kullum da yamma uban yakan zo da ɗan bokiti mai murfi ya kwashe waɗanda suka ɓaci, bayan nas ta gani, ya kai su gida ya rataye.

Ba ni da wani labari sai wannan. Ka ci gaba da addu'a, ka kuma ci abinci. Ina gaida kowa.

Matarka,
Malama

* * *

Zuwa ga mai gidana, abokin zamana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kai da Auta kuna lafiya. Yau ba sai ka zauna ba, in ma kana so ka miƙe ka taka rawa da gwiwar taka, na ba ka izini. Daga gida nake rubuto maka, a baranda.

Bari in ba ka shi yadda ya faru. Bayan takardata ta ƙarshe mun yi kwanaki muna ganin ruwan tokar nan, har matan da ke jinya a ɗakin suka san halin da muke ciki. Duk sanda yaron ya yi nishi sai ɗakin ya yi tsit. Maman da ke gadon kusa da mu, wadda ɗanta ya ƙone da ruwan zafi, takan miƙo wuya ta ce, "Kaka, yaya?" Ni kuma in girgiza kai.

Ranar da abin ya faru 'yarka ta shiga wanka, uban ya biyo da abin karyawa kafin ya wuce shago. Yaron ya murtuke fuska, ya dunƙule hannu, ya yi abinsa. Na ce wa uban ya bari uwar ta fito, ya ce ba zai iya jira ba. Sai na kwance ɗaurin. Malam, kore. Kore shar da rawaya a gefe-gefe, kamar ɗanyen ganye da aka daka. Da wari kuma, wari na gaske.

Na ɗaga kai na dube shi, ya dube ni. Tun da ya auri 'yarka ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar. Ƙaton nan ya durƙusa a gaban gado da nafkin a tafin hannuwansa biyu, hawaye na bin gemunsa. Ban san sanda na ɗora hannu a kansa ba, na ce, "Tashi, ɗana, je ka nuna wa likita." Haka ya fita da shi a buɗe, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da cikakken kwano. 'Yarka ta fito da kumfa a kunne ta bi bayansa ba takalmi.

Ɗakin ya kaure. Maman gadon kusa ta rungume ni, wata ta rangaɗa guɗa har nas ta zo tsawatarwa, da ta ji dalili ita ma ta tsaya. Mai sharar ɗakin ta jingina da tsintsiyarta ta ce ta tsufa a asibitin nan tana kwashe kashi, yau ne ta fara ganin ana yi masa barka. Likitar nan 'yar ƙarama ta zo da katinta ta kara, ta yi murmushin da ban san tana da shi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ta ce ba a gama ba. Zai daɗe yana shan magani, za a riƙa kai shi ana duba jininsa, in ya yi zazzaɓi ko launin ya sake kodewa a garzayo da shi ko da tsakar dare ne. Wasu yaran sukan bukaci wani aikin in sun girma. Amma ruwan ya bi hanyar da dattijon ya ɗinka masa. Idon ya fara washewa, yanzu ina ganin farinsa a gefe. Jiya ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki, ƙarfin nan na ubansa ne.

Wani abu kuma, likitar ta roƙi surukinka ya ƙera wa ɗakin jinyar yaran irin abin da ya yi mana, don iyaye mata masu amfani da yadi su daina cusa su a leda ƙarƙashin gado. Ya ce to, ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Yanzu kuma mun sallami tafinta, kai tsaye muke hira. Ashe surutu gare shi, har ya fi ka.

Zan ƙara wata guda a nan kafin in dawo, sai uwar ta yi ƙarfi sosai. Ka yi haƙuri da girkin Auta. In ya ƙara warwarewa sun ce za su kawo maka shi da kansu ka ga wanda ya ƙwace maka mata.

Ina da sauran magana, amma ga shi nan a kan tabarma kusa da ni ya fara murtuke fuska, ya dunƙule hannu. Bari in ajiye biro in je in gani.

Ka gaida Auta da maƙwabta, ka gode wa duk wanda ya taya mu addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Malama